Tambayoyi da Amsoshi kan Ciyar da Aku Ekilektus da Sarrafa Halayensa

Yawancin matsalolin da ake kuka da su game da wannan tsuntsu, daga figar gashi zuwa cizo da kakkarwar yatsu, in aka bi sawunsu sai a tarar daga kwanon abinci suka taso, ko daga tsarin yini da dare na gidan da yake zaune. Shi ya sa muka haɗa batun ci da batun hali a shafi ɗaya.

Wane irin aku ne ekilektus, kuma ina ne asalinsa?

Tsuntsun dazuzzuka masu yawan ruwan sama ne. Ana samunsa a tsibiran Maluku na Indunisiya, da Sabuwar Gini, da tsibiran Solomon, da kuma yankin Cape York a ƙuryar arewa maso gabashin Ostireliya. Tsawonsa kimanin santimita 35 ne, nauyinsa kuma tsakanin giram 350 zuwa 550, gwargwadon tsibirin da jinsinsa ya fito. Na Solomon su ne ƙanana, na Ostireliya su ne manya. Namiji kore shar ne, da ja a ƙarƙashin fiffike, saman bakinsa ruwan lemu. Mace ja ce wur, ƙirjinta shuɗi ko shunayya, bakinta baƙi. Bambancin ya kai har masana na Turai sun daɗe suna lissafa su a matsayin tsuntsaye biyu daban, sai a cikin ƙarni na 19 aka gane miji da mata ne. Yana iya rayuwa shekara 30 ko fiye, don haka wanda zai saye shi ya yi lissafin wannan tun kafin ya biya kuɗi.

Me ya sa ake cewa abincinsa ya bambanta da na sauran aku?

Saboda inda yake kiwo. A daji yana yini ne a saman manyan bishiyoyi yana cin naman 'ya'yan itace, ɓaure na daji, furanni, tohon ganye, da 'yan ƙwayoyi masu laushi da ke cikin 'ya'yan itacen. Abinci ne mai ruwa sosai, mai yawan harza, mara maiƙo. Jikinsa ya saba da ya ci da yawa ya tace kaɗan. In ka juya lamarin, ka ba shi busasshen abinci mai maiƙo kamar gyaɗa da ƙwayar sanfulawa, abu biyu ne ke faruwa: kitse ya taru a hanta, sannan bitamin A ya yi ƙaranci, domin waɗannan ƙwayoyi kusan babu shi a cikinsu.

Ƙarancin bitamin A ba ya bayyana dare ɗaya. Da farko gashi ne ke dusashewa, koren namiji ya fara nuna baƙi-baƙi, lemun bakinsa ya koɗe. Daga nan sai atishawa, hanci ya riƙa toshewa, fararen ƙuraje su fito a cikin baki, saboda fatar da ke lulluɓe hanyar numfashi ta lalace. Mai kiwo sai ya ɗauka mura ce, ya yi ta neman maganin mura, alhali tushen abin yana cikin kwano. Wanda ya saba da ruwan-tokan aku na Afirka, wanda ya fi jure ƙwayoyi masu maiƙo, shi ya fi faɗawa wannan kuskure.

To yaya kwanon yini ɗaya ya kamata ya kasance?

Ka raba abincin yini kashi goma. Kashi huɗu kayan lambu, kashi uku 'ya'yan itace, kashi biyu dafaffen hatsi da wake ko tsiro, kashi ɗaya kacal shi ne na ƙwayoyi masu maiƙo da abincin kamfani.

A kayan lambu, ka fifita masu launin lemu da ja da kore mai duhu: karas, kabewa, dankalin Hausa mai jan ciki, tattasai, koren wake, kuɓewa, ganyen zogale, kabeji kaɗan, alayyahu sau biyu a mako. Karas da kabewa da dankali a ɗan turara su na minti biyar zuwa goma, hakan yana sa jiki ya fi cin moriyarsu. Barkono da attaruhu ba sa yi wa tsuntsu zafi, yana cinsu har da 'ya'yan. A 'ya'yan itace akwai gwanda tare da baƙaƙen 'ya'yanta, mangwaro, gwaiba, rumman, ɓaure, kankana, abarba. Ayaba da inabi da dabino zaƙinsu ya yi yawa, a bar su a matsayin na marmari. A hatsi kuwa, dafaffen gero, dawa, acca, masara, shinkafar da ba a cashe ta fari tas ba, duk suna yi.

Yawan abinci: da safe kimanin cikin kofin shayi ɗaya, wato wajen giram 100, da yamma rabin haka. A yanka komai ƙanana kamar girman ƙwayar masara a gauraya, don kada ya tsince abin da yake so ya watsar da saura. Dafaffen ƙwai, kwata ɗaya sau ɗaya a mako ya isa.

Wake yana buƙatar kulawa ta musamman. Ɗanyen wake yana da sinadarin da ke cutar da hanji. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai har ya yi laushin da zai murtsuke tsakanin yatsu. Ba gishiri, ba kanwa, ba mai, ba albasa. Kuma ka tabbatar ba wanda aka zuba wa maganin ƙwari don ajiya ba ne. In ka ji warin magani a buhu, kada ka ba shi ko an wanke.

Har tsawon wane lokaci abinci zai zauna a keji?

Awa biyu a lokacin zafi, uku zuwa huɗu in gari da sanyi. Yankakken gwanda da dafaffen hatsi suna saurin tsami, kuma abinci mai tsami shi ne kan kawo ciwon yis a jakar abinci da ke wuyan tsuntsu. Alamarsa amai, warin baki, da farin abu kamar kindirmo a cikin baki. A cire kwanon, a wanke da sabulu da ruwan zafi, a bar shi ya bushe. Kwanon ƙarfe mara tsatsa ya fi na roba, don roba tana karcewa datti ya maƙale. Ruwan sha a canja sau biyu a rana, domin yana da ɗabi'ar tsoma abinci a ciki.

Abincin kamfani fa, wanda ake kira felet?

A nan ra'ayin masu kiwo ya rabu, kuma ga inda muka tsaya. Felet ba haramun ba ne, amma bai dace ya zama ginshiƙin abincin ekilektus ba kamar yadda ake yi wa wasu nau'o'in aku. In za ka ba shi, ka zaɓi mara launin roba, mara ƙarin ƙamshi, kuma kada ya wuce cokalin shan shayi ɗaya zuwa biyu a rana. Abin da ba mu yarda da shi ba sam shi ne a haɗa felet da ƙarin bitamin na ruwa ko na gari. Felet ɗin ma an riga an zuba masa bitamin. In ka ƙara wani a kai, ka yi wa hanta da ƙoda lodi. Abincin kaji kuma ba nasa ba ne ko kusa.

Yaya ake yin tsiron hatsi ba tare da ya lalace ba?

Ka sami gero, alkama ko ƙananan koren wake na tsiro masu tsabta, waɗanda ba a sa musu magani ba. Wanke su har ruwa ya fito garau. Jiƙa su awa 8 zuwa 12. Tsiyaye ruwan, ka zuba su a rariya ko kwalba mai rufin yadi, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. A ɗauraye sau uku a rana, a tsiyaye sosai kowane lokaci. Da zarar farin tsinin ya ɓullo kamar rabin santimita, yawanci cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ya isa ci. Dawa kada a tsirar da ita, domin tohonta yana da guba. Abin da ke ɓata tsiro shi ne ruwan da ya kwanta a ƙasa da kuma zafi. Ka sansana kafin ka bayar: in ya yi tsami ko yauƙi, zubar da shi duka. A firji yana kai kwana biyu zuwa uku. Jan wake mai manyan ƙwayoyi ba a tsirar da shi don tsuntsu, dafawa kawai ake yi.

Gyaɗa tana da illa ne? Ai yana sonta ƙwarai.

Yana sonta, shi ya sa ta zama tarko. Banda maiƙo, gyaɗar da ta sha laima wajen ajiya tana yin fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma ido ba ya ganinta koyaushe. Ɓawon gyaɗa ma yana iya ɗauke da fumfunar da ke kama huhun tsuntsu. In dole ne, ƙwaya ɗaya ko biyu, ɓararriya, soyayya ba gishiri, irin wadda kai ma za ka ci. Mafi alheri ka riƙe duk wani abu mai maiƙo, gyaɗa ko riɗi ko sanfulawa, a matsayin ladan horo. Abin da yake samu kyauta a kwano ba zai yi maka aiki don ya same shi ba.

Waɗanne abubuwa ne ba a ba shi ko kaɗan?

Fiya, naman da ɓawon da ganyen duka, domin tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Cakulan, kofi, shayi, lemun kwalba, giya. Goro ma yana cikin wannan sahu, saboda sinadarin da ke hana barci a cikinsa iri ɗaya ne da na kofi, kuma zuciyar tsuntsu ba ta ɗaukarsa. A ja wa baƙi da tsofaffin gida kunne, don su ne kan miƙa masa da kyakkyawar niyya. Albasa da tafarnuwa suna lalata ƙwayoyin jini. 'Ya'yan cikin tuffa a cire. Duk abin da aka sa wa gishiri, dunƙulen miya ko man suya, kamar ragowar tuwo da miya, ƙosai, cincin, ba nasa ba ne. Madara ba ta narkewa a cikinsa. Tsakuwa da ake ba tantabara ita ma ba ya buƙatarta, don shi ɓare ƙwaya yake yi kafin ya haɗiye.

Na saye shi ya saba da ƙwayoyi kaɗai, ya ƙi kayan lambu. Yaya zan yi?

Kada ka hore shi da yunwa. Aku yana iya ƙin abin da bai sani ba har ya galabaita. Canjin yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas. Da sassafe, lokacin da yunwa ta fi, ka sa masa sabon abincin shi kaɗai na awa biyu, da ɗan ɗumi, a barbaɗa ƙwayoyin da ya sani kaɗan a sama yadda sai ya tona zai same su. Bayan awa biyu ka ba shi abincinsa na da, amma a rage kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako. Tsiro gada ce mai kyau, tunda kamanninsa na ƙwaya ne. Dafaffiyar masara da rumman su ne kan fara karya taurin kai. Ka ci a gabansa yana kallo, domin tsuntsu ne mai koyi da abokan kiwo. In ya ƙi karas yankakke, gwada gurzajje, ko dogon yanki a maƙale jikin keji. Duk tsawon wannan lokaci ka riƙa auna shi kowace safiya.

Yaya ake auna shi, kuma me ake nema?

Sikelin kicin mai nuna giram, da ɗan reshe a ɗaure a kai. A auna da safe bayan ya yi kashin farko, kafin ya ci, sau ɗaya a mako, a rubuta. Hawa da saukar giram 10 zuwa 15 ba komai ba ne. In ya rasa kashi goma cikin ɗari na nauyinsa, misali daga 420 zuwa 378, sai likita, ko da yana ta wasa. Ka kuma shafa ƙashin ƙirjinsa: in ya yi tsini ya rame, in ba ka jinsa sam saboda kitse ya rufe shi ya yi ƙiba.

Yatsun ƙafarsa suna buɗewa suna rufewa da kansu, fiffikensa yana zabura. Mene ne wannan?

Wannan matsala an fi saninta a ekilektus fiye da kowane aku. Za ka ga yana tsaye a reshe yana gyangyaɗi, sai yatsun su miƙe su dunƙule, su miƙe su dunƙule, har ka ji farce yana ƙwanƙwasa itace, ƙwas, ƙwas, kamar bugun agogo. Wani lokaci fiffike ya faɗo ya koma da sauri. Ba da gangan yake yi ba, tsoka ce ke harbawa, kuma in abin ya tsananta yakan kai ga ya ciji ƙafarsa.

Abubuwan da aka fi dangantawa da ita: ƙarin bitamin, felet mai launi, garin tsiron ruwa da ake kira sifirulina, ƙarancin kalsiyam, da kuma gubar ƙarfe, wato tutiya ko dalma da ya gwaguya daga waya, kwaɗo, fenti ko sarƙa. Matakin farko, ka tuna abin da ya canja a abincinsa cikin mako biyu da suka wuce. Ka dakatar da felet da duk wani ƙari, ka koma kan kayan lambu, 'ya'yan itace da dafaffen hatsi zalla, ka ƙara ganye masu kalsiyam. Sau da yawa abin yakan lafa cikin kwanaki kaɗan zuwa mako biyu. In bai lafa ba, ko ya zo da amai, kasala, ko kashi kore shar, kada ka jira. Gwajin jini da hoton ciki ne za su nuna ko ƙarfe ya haɗiya.

Kashinsa ruwa-ruwa ne. Zawo ne?

Ba lallai ba. Kashin tsuntsu kashi uku ne: dunƙulen kore ko ruwan ƙasa, farin, da ruwan fitsari. Mai cin gwanda da kankana dole ruwan ya yi yawa, kuma launi yana bin abin da ya ci. Zawo shi ne in dunƙulen kansa ya narke. Abin tsoro shi ne farin ya koma rawaya ko kore, ko jini, ko baƙi kamar kwalta, ko ƙwaya ta fito ba ta narke ba. Shimfiɗa takarda a ƙasan keji, a canja kullum, shi zai ba ka damar gani.

Nawa shiru yake, ba ya motsi in baƙi sun zo. Alamar ya saba ke nan?

A'a, kuma wannan ita ce fahimtar da ta fi cutar da ekilektus. Wasu aku in sun tsorata sai ihu da fuffuka. Shi kuwa daskarewa yake yi. Zai tsaya cak, gashinsa ya lafe a jiki, ido a buɗe ba ƙiftawa, yana kallon wuri ɗaya. Mutane sai su ce ai mai haƙuri ne, su matso, su miƙa hannu. Damuwar tana taruwa a ciki, bayan makonni ta fito a figar gashi ko cizon da ake cewa ya zo ba dalili. Tsuntsun da hankalinsa ke kwance yana sassauta gashi, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya goga baki yana ƙara a hankali, ya yi ta gunguni shi kaɗai.

Ka ba shi lokaci. Sabon abin wasa a ajiye nesa da keji kwana biyu ko uku, a riƙa matso da shi. Sabon tsuntsu a bar shi mako guda ba a taɓa shi, magana kawai da miƙa abinci. Gida mai hayaniya, da yara masu guje-guje a gaban keji, da talabijin har tsakar dare, ba ya yi masa daɗi.

Yana cizo. Yaya zan hana shi?

Ka fara gano lokacin da yake yi. Kafin cizo akwai gargaɗi: gashin ƙeya ya tashi, ƙwayar ido ta riƙa tsukewa tana buɗewa, ya sunkuyar da kai baki a buɗe, wani lokaci da gurnani. In ka ga haka ka janye hannu, ba ka sha kaye ba, ka nuna masa cewa gargaɗi ya wadatar, ba sai ya kai ga cizo ba. Duka, ɗalle baki, fesa ruwa ko girgiza keji suna koya masa tsoron hannu ne kawai. Ihu kuma wani lokaci lada ne a wurinsa.

Horon da ke aiki shi ne na taɓa tsinke. Ka riƙe ɗan siririn tsinke kusa da shi. Da ya taɓa bakin tsinken da bakinsa, ka ce "yauwa" nan take, ka ba shi ƙwaya ɗaya. Minti biyar, sau biyu a rana, kafin cin abinci. In ya gane, sai ka riƙa matsar da tsinken yana bi, har ya tako kan reshen da ke hannunka, daga baya kan hannun kansa. Hannu ya tsaya daram daidai saman ƙafafunsa; in yana rawa, zai kama da baki don ya gwada ƙarfinsa, kai kuma ka ɗauka cizo ne. Ƙananan da ba su kai shekara ba suna lalube komai da baki, a ba su itace mai laushi su tauna maimakon yatsa. Kada a bar mai cizo ya hau kafaɗa. Sannan a sani, yawancin ekilektus ba sa son susar kai da runguma yadda wasu aku ke so. Zama kusa da kai ya fi masa.

Macen tana shiga ƙarƙashin kujera da cikin kabad, tana kai wa kowa hari. Me ya same ta?

Gida take nema. Binciken da Robert Heinsohn na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya ya yi a dajin Iron Range da ke yankin Cape York ya nuna cewa kogon bishiya mai kyau, wanda ruwa ba ya cikawa, yana da wuyar samu, har mace takan tsare nata wata goma sha ɗaya a shekara, maza da yawa suna kawo mata abinci, kuma tana faɗa mai tsanani da duk macen da ta matso. Wannan ɗabi'a tana nan a jinin ta gida. Daga shekara biyu zuwa uku, duk wani lungu mai duhu kogo ne a idonta, ƙafarka da ta gifta kuma abokiyar gaba ce.

Maganin shi ne a rufe hanyar. A toshe ƙarƙashin kujeru da gado, a rufe kabad, a cire kwali, bargo, da duk wani ɗan ɗaki na yadi daga keji. Kada a bar ta tana yawo a ƙasa. A yi mata wurin tsayawa a sama. A rage abinci mai ɗumi mai laushi da mai maiƙo, domin yalwarsu tana gaya wa jiki lokacin haihuwa ya yi. A tabbatar da duhun awa 12. Shafa baya, ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya a daina shi gaba ɗaya, don a wurinta wannan neman aure ne. In ta riga ta shige lungu, a fito da ita da reshe, ba da hannu ba.

Ta yi ƙwai alhali babu namiji. In ɗauke?

Kada ka ɗauke nan da nan, sai ta sake yin wani don ta cike gurbi, kalsiyam ɗin jikinta ya ƙare. Yawanci biyu take yi. A bar mata su ta yi kwanci kimanin mako huɗu har ta gaji ta bari, sannan a cire. A wannan lokaci a ƙara ganye, da ɗan garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka busar, ɗan tsunkule sau biyu a mako. In ka gan ta a ƙasan keji, gashi a tashe, tana yunƙuri, wutsiya tana sama da ƙasa, ciki a kumbure, ƙwai ne ya maƙale. A sa ta wuri mai ɗumi a kai ta likita a ranar. Kada a matsa cikin.

Namijin yana amayo mini abinci. Ciwo ne?

In yana kaɗa kai sama da ƙasa sannan ya fito da abinci a hankali yana miƙa maka, ciyar da mata yake yi, aikin da namiji ke yi a daji. Kada ka tsawata, kada kuma ka yaba. Ka ajiye shi a reshe ka ba shi wani abin yi. Amai na ciwo daban ne: yana watsa kai gefe da gefe, abincin ya fantsama ya manne a gashin kansa.

Ihu fa?

Kira da safe da kuma gab da magariba ɗabi'a ce, ba za a hana ba. Kiran da yake yi in ka bar ɗaki tambaya ce, kana ina. Ka amsa da fito ko wata kalma guda tun bai ɗaga murya ba. In ihun ya riga ya fara, kada ka shigo sai ya yi shiru na ɗan daƙiƙu, sannan ka shigo ka yaba. Duk mutanen gida su bi ƙa'ida ɗaya, in ba haka ba mutum ɗaya ya isa ya rushe aikin. Maza da mata duka suna koyon magana, kuma kalmar da ta samu amsa ita ke maye gurbin ihu.

Yana fige gashinsa. Daga ina zan fara?

Daga likita, domin akwai cutar baki da gashi da ƙwayar bairos ke kawowa, akwai ciwon hanta, akwai gubar ƙarfe, kuma duk suna iya kama da wannan. Ka duba kai: bakin tsuntsu ba ya kaiwa ga gashin da ke bisa kansa, don haka in jiki ya tsige kai yana lafiya, shi ke yi. Sanƙo na ɗan lokaci a kai da wuya yakan faru wa wasu lokacin sake gashi, ya toho da kansa.

In an kawar da ciwo, sai a duba abubuwa huɗu: abinci, barci, wanka, da zaman banza. A daji neman abinci yana cinye masa sa'o'i. A keji minti ashirin ya gama. Ka mayar masa da aikin. Naɗe ƙwaya a takarda mara rubutu, rataye masara da ɓawonta, soka yankan gwanda a tsinken ƙarfe mara tsatsa, sa rassan gwaiba ko gora masu ganye, waɗanda ba a yi wa feshi ba. Kada ka ruga wurinsa duk lokacin da ka ga yana figa, sai ya koyi cewa figa ce ke kawo ka. Gyara yana ɗaukar watanni, kuma wanda ya shekara da shekaru yana yi ba lallai gashin ya dawo duka ba.

Ga masu kiwonsa a ƙasar Hausa, yaya za a yi da hunturu da bazara?

Tsuntsun laima ne, iskar hunturu kuwa busasshiya ce mai ƙura, tana sa fata ƙaiƙayi da toshewar hanci. A yi masa wanka da kwalbar feshi kullum ko bayan kwana ɗaya, da ruwa zalla mai ɗan ɗumi, da hantsi, a fesa sama ya sauko masa kamar yayyafi, ya bushe kafin yamma. A rataya jiƙaƙƙen tawul kusa da keji, a rufe tagar da iska ke bugowa da dare. A bazara, in ka ga yana haki baki a buɗe, fukafukai a ware, zafi ya yi masa yawa: inuwa, feshi, da ɗaki mai iska. Hasken rana na safe, minti 20 zuwa 30 sau uku a mako, yana taimaka wa jiki ya riƙe kalsiyam, amma rabin kejin ya kasance a inuwa, kuma ta bayan gilashi ba ya amfani.

Hayaƙi ya fi zafi haɗari. Huhun tsuntsu yana zuƙar iska fiye da namu. Maganin sauro na kunnawa da na feshi, turaren wuta, hayaƙin gawayi, na janareto, na taba, duk a nisanta su daga ɗakinsa. Tukunyar da abinci ba ya kamawa in ta ƙone a wuta tana fitar da tururin da ke kashe tsuntsu cikin mintuna. Kicin ba wurin keji ba ne.

Wane irin keji, kuma ina za a ajiye shi?

Aƙalla faɗin santimita 90, zurfi 60, tsayi 120, tazarar ƙarafa santimita 2 zuwa 2.5. Faɗi ya fi tsayi muhimmanci. In maƙeri ne zai ƙera, a guji waya mai rufin tutiya da fenti mai dalma. Rassa masu kauri daban-daban, santimita 2.5 zuwa 4, suna hana ciwon tafin ƙafa. Gefe ɗaya ya jingina da bango, a inda yake ganin mutanen gida ba tare da yana kan hanya ba. Awa uku a waje kullum, barci awa 10 zuwa 12 a duhu da shiru.

In yanke masa fiffike?

Ba mu ba da shawarar haka ba. Jikinsa da nauyi, in an yanke da yawa yana faɗowa ya fasa ƙirji, kuma tsinin gashin da aka yanke yana sa shi fara tauna. Ƙaramin da bai koyi tashi ba kada a taɓa shi. A kashe fanka, a rufe taga da ƙofa kafin a buɗe keji.

Me zan duba kafin in saya?

Wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, mai rufaffen zobe a ƙafa, da takardu, domin cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran daji. Ya zama ya yaye sarai, yana ci da kansa, wato wata huɗu ko fiye. Ciyar da jariri da sirinji ba aikin sabon hannu ba ne. Ido garau, hanci a bushe, gindi tsaf. In kana da wasu tsuntsaye, a ware sabon a ɗaki daban kwana 30 zuwa 45, kwanonsa daban, a wanke hannu tsakani. Akwai zazzaɓin aku da ke kama mutum, saboda haka in wani a gida ya kamu da zazzaɓi da tari bayan zuwan sabon tsuntsu, a gaya wa likita akwai aku a gidan.

Yaushe ne ba a jira gobe?

In ya yini bai ci ba. In yana zaune a ƙasan keji gashi a tashe, ido a lumshe da rana. In wutsiya tana motsi da kowane numfashi, ko numfashin yana ƙara. Jinin da bai tsaya ba bayan an danna da tsumma mai tsabta da garin masara na minti biyar. Farfaɗiya, ko faɗowa daga reshe. Kafin a isa asibiti a sa shi a ƙaramin akwati mai ɗumi, a rufe da yadi, ruwa a kusa, kada a ɗura masa komai a baki, kada kuma a ba shi maganin mutane ko na kaji. Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da aku ba, don haka ka nemi wanda ya saba tun tsuntsun yana lafiya, ka ajiye lambarsa, ka tafi da littafin nauyinsa da takardar ƙasan keji ta ranar.